Bishiyar Cibiyar Pakwe

Shekarar da duwatsunmu suka ci wuta tun daga Fabrairu har bayan bikin watsa ruwa na tsakiyar Afrilu, ita ce shekarar da aka biya Naw Sepo ran ɗanta da alade guda da tulun giyar shinkafa.

Daminar da ta gabata ta yi rowa, ta ɗauke tun shinkafa ba ta gama ƙosawa ba. Kafin rani ya yi nisa itatuwa sun zubar da ganye kaf, ya taru a ƙasa har ƙauri, ya bushe ƙayau, in ka taka sai ka ji kamar kana tafiya a kan ƙanzo. Hayaƙi ya zo ya zauna a kwarin Mae Lako ya ƙi tashi. Yara na tari, tsofaffi na tari, har karnuka. Mutanen birni kuwa suna ta zaginmu a rediyo, wai mutanen dutse ne ke shaƙe su, alhali mu ne ke yini a kan tudu da tsintsiya muna tare wutar da rabinta ba mu muka kunna ba.

Ɗaya rabin kuwa, akwai irin su Pakwe. Kowa ya san naman kazan nan mai kama da tsakuwa, wanda ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa da ruwan fari, 'yan birni na rububinsa. Kowa kuma ya san ya fi sauƙin gani a inda wuta ta share ganye. Pakwe ba ya jira wuta ta zo da kanta. Sai ya ɗaure tsinken ashana a wutsiyar maganin sauro mai naɗi, ya kunna kan, ya tura shi cikin ganye, ya hau babur ɗinsa. Kafin abin ya kama, yana zaune a barandar gidansu yana cin shinkafa, yana tambayar masu wucewa ko sun ga hayaƙi.

Ran nan iska ta ƙi bin lissafinsa. Wutar da ya kunna a bayan tudu ta hauro da hantsi, ta tsallake layin da aka share don tare wuta, ta shiga gefen kurmi ta cinye bishiyoyi da dama. A cikinsu har da bishiyar cibiyar Jole, ɗan Sepo tilo.

A wajenmu ranar da aka haifi yaro, ubansa zai zuba cibiyarsa a guntun gora ɗanye, ya toshe bakin, ya fita daji ya zaɓi bishiya mai lafiya ya ɗaure mata. Daga ranar kurwar yaron tana tare da bishiyar. Ba mai sa mata adda, ba mai ɓare ko ɓawonta. Waɗanda suka yi karatu suna murmushi in an yi zancen, amma ban taɓa ganin wanda ya yarda aka taɓa tasa ba. Bishiyar Jole ta faɗi da hantsi. Da yamma shi kansa yana cikin wani kwazazzabo da injin hura ganye a bayansa, tankin cike da fetur, iska ta juya, wutar ta rutsa da shi. A kan makarar gora aka sauko da shi, an rufe shi da bargo, ba a bar uwarsa ta ɗaga ba.

Aka taru a gidan mai gari, Baba Doso. Sepo ta zauna kusa da murhu, Pakwe ya rakuɓe can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Abin da ya ƙara dagula zancen shi ne surukuta. Jole ƙanwar Pakwe yake aure, Mupo, kuma kamar yadda mazanmu ke yi, gidan iyayenta ya tare. Tukunya ɗaya suke ci shi da wanda ya kashe shi. Ga Mupo da tsohon ciki.

Baba Doso ya gyara murya. "Uwar Jole, ba wanda bai san abin da ya faru ba, ba kuma wanda zai ce ba a cuce ki ba. Amma ma'aikatan gandun daji sun zo, mun ce musu daga hayin can wutar ta ɓullo. In suka ji ɗan garin nan ne ya kunna, ba Pakwe kaɗai za su ɗauka ba. Dajin za su rufe, gonakin tudu su hana mu. Kin san sun daɗe suna neman dalili."

"To me kuka yanke?"

"Zai yanka alade, ya kawo giya, ya ɗaura miki zare a hannu ya nemi gafara gaban kowa."

"Alade," in ji ta. "Babba ko ƙarami?"

"Haba, Uwar Jole."

"Tambaya na yi, Baba. Ina so in san girman ɗana."

Aka yanka aladen, gari ya ci, don yunwa ba ta zaman makoki. Da Pakwe ya matso a durƙushe da farin zare a hannu yana cewa, "Iya, ki yafe mini, ban yi da nufi ba," sai ta naɗe hannayenta cikin rigarta, ta dube shi har sai da ya sauke zaren. Sannan ta tashi. A bakin tsanin sauka, don gidajenmu a kan turaku suke, ta juyo ta faɗa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, cewa ƙafarta ba za ta sake taka tsanin gidan su Pakwe ba muddin bakinsa na cin shinkafa.

Ta tsane shi, ba a ɓoye take ba. Tsana ce ke tashin ta da safe, ita ke tauna mata abinci. Ta yi tunanin adda, ta yi tunanin sauka gari ta faɗa wa hukuma, ta ga na farko hannunta ba zai iya ba, na biyu kuma duk gari zai shafa, har da cikin da ke jikin Mupo. Tana cikin wannan saƙe-saƙe wata safiya ta ɗaga kai, hayaƙi ya ɗan yaye, ta hango bishiyar Pakwe a ƙeyar tudu.

Ba wanda bai san ta ba. Uban Pakwe mutum ne mai son a gani, bai yarda ya kai cibiyar ɗansa kurmin bakin rafi inda kowa ke kaiwa ba. Sai da ya hau can sama ya zaɓi wata doguwar bishiya mai ƙaro, ita kaɗai tsaye, ta yi wa na kusa da ita rata. Shekara arba'in ke nan tana nan, shi ya sa ko zazzaɓin kirki Pakwe bai taɓa yi ba. Layin tare wuta yana wucewa ta samanta kaɗan. Ƙasa da ita kuma dutse ne tsagwaro, sai rafi. Wutar da ta sauko nan bishiyar za ta ci ta tsaya, ba za ta kai gari ba. Sepo ta auna wannan da ido sau da yawa kafin ta je wajen mai gari.

Layin nan shi ne ranmu a lokacin rani. Hanya ce da ake sharewa ƙal a kan ƙeyar tudu, faɗinta ya kai mota ta wuce, ta zagaye gari da kurmi. Kowane gida da rabonsa, kuma kullum sai an sake sharewa, don ganye bai san an yi shara jiya ba. In gida ɗaya ya yi lalaci, aikin sauran ya tashi a banza.

"Baba, ka ba ni rabon Jole," ta ce. "Ka mayar mini da shi can sama, ƙeyar tudu."

"Da wace ƙafar za ki riƙa hawa? Akwai samari."

"Samarin sun riƙe nasu. Zama ne ke kashe ni."

Ya ɗauka baƙin ciki ne ke neman aikin yi, ya ba ta. A ranar ta cire lofenta daga baki, lofen da ba ta rabuwa da shi tun tana budurwa, ta miƙa wa maƙwabciyarta Naw Keso tare da ashana, a gaban mutane. Aka yi ta yabon ta, wai ga tsohuwa mai hankali, ba ta hawa tudu da wuta. Ita kuwa so take duk abin da zai faru, kada wani ya ce hannunta ya ƙyasta.

Rabonta ya fi na kowa tsabta. Sai dai ganyen da ta share, maimakon ta tura shi ta bayan layi inda ake turawa, sai ta cika kwandon goyo ta gangara da shi ta juye a gindin bishiyar Pakwe. Kwando bayan kwando. Har ta tono wani tsohon rami a jikin bishiyar inda ƙaro ke tsattsafowa, ta cusa masa busasshiyar ciyawa.

Wata rana ta gangaro da kwando ta tarar da shi can, yana watsa tarin da ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Sannu da aiki, Iya," ya ce, bai dube ta ba.

"Kai ke da sannu. Yau ba a kunna maganin sauro ba ne?"

"Na ce ki yafe mini. Gaban kowa na durƙusa."

"Na gani. Gwiwarka ta warke?"

Ya tsaya, ya share fuska. "Me kike nema a nan? Wannan ba rabonki ba ne. Rabonki yana can sama."

"Taki nake zuba mata. Na ga ta rame." Ta sauke kwandon ta juye a gabansa, a hankali, har da karkaɗe gindinsa. "Ko kana tsoro ne? Ai ganye ne kawai. Kai da ka san ganye ba ya kashe kowa."

"Zan faɗa wa Baba Doso."

"Je ka. Ka ce a sake tara gari a yi maganar wuta. Ni ma akwai abin da na manta ban faɗa wa masu kakin nan ba."

Ya dube ta, ya dubi bishiyar, ta ga tsoro a idonsa ƙarara, kuma ta ji daɗin da ba ta ji ba tun ranar da aka sauko da Jole. Da zai tafi ya ce, "Iya, ke ma kina da abin da kike so a duniyar nan." Ta ɗauka maganar matsoraci ce, ba ta ko juya ba.

Daga ranar ta daina zuwa gindin bishiyar, tunda duk abin da ta tara zai zo ya watsar. Ta ma daina bin hanyar da ke wucewa ta gabanta, ta koma hawa ta gefen dutse don kada su haɗu. Ba ta buƙatar tari. Ganyen da ya watsa bai tafi ko'ina ba, yana nan shimfiɗe daga gindin har bakin layi, ciyawar ramin kuma bai gan ta ba. Abin da ya rage shi ne gada. Wata busasshiyar gora ta karye ta faɗo ta gitta layin, daidai saman bishiyar. Aikinta ne ta janye ta. Ta bar ta a nan, ta riƙa share gefe da gefe, tana ɗan tura ganye ƙarƙashinta da bakin tsintsiya.

Ana cikin haka Mupo ta haihu. Keso ce ta kawo labari da sassafe, tana haki tun daga tsani.

"Ke, tsohuwa mai taurin kai, kin yi jika. Namiji. Goshin Jole sak, har da kunnuwan nan naku masu kama da marfin tukunya."

Sepo na tankaɗen shinkafa. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Da hannu da ƙafa?"

"Lafiya lau. Tashi mu je."

"Na rantse, Keso."

"Rantsuwar banza. Yaron ne ya kunna wuta? Yarinyar nan tana kwance bakin murhu tana ta duban ƙofa. Ko cibiyar ma, da yake ba uba, sai da..."

"Kada ki ambaci sunan kowa na gidan nan a ɗakina."

"To ai ba ki bari na ƙarasa ba."

"Ba sai kin ƙarasa ba."

Ta shiga ciki ta ɗauko wani ɗan bargo ja da ta saƙa tun cikin yana ƙarami, ta miƙa mata. Da Keso ta sauka, Sepo ta zauna ta yi kuka sosai, fuskarta cikin faifan shinkafa. Tana son ganin yaron har cikin ƙashinta. Sai ta gaya wa kanta saura kaɗan. In bakin nan ya daina cin shinkafa, rantsuwa ta warware, za ta hau tsanin ta ɗauki jikanta. Cibiyarsa kuwa ba ta sa ta a rai ba. Kurmin bakin rafi ake kai na kowa, can kuma ba abin da zai same ta.

Ba a daɗe ba wutar da take jira ta zo. Daga gundumar yamma ta taso, ta kwana biyu tana cin tudu bayan tudu, jirgi mai saukar ungulu na ta zuba mata ruwa kamar mai yi wa kasko tofi. Da rana tsaka aka buga ƙarfen makaranta, kowa ya ɗauki abin duka da jiƙaƙƙen buhu ya nufi rabonsa. Maza suka taru can kudu inda wutar ta fi ƙarfi. Ƙeyar tudu aka bar wa Sepo, tunda kowa ya san layinta ƙal yake.

Ta tsaya a tsakiyar layin, tsumma ɗaure a hanci. Tun kafin ta ga wutar take jin ta, gora na fashewa ɗaya bayan ɗaya. Barewa ta wuce ta a guje. Sai ga ta nan ta hauro, ba wata doguwa ba, iyakarta ƙugu, tana tafe tana lashe ganye. Ta iso bakin layi ta tsaya, ta bi gefe tana laluben hanya, duk inda ta taɓa ƙasa ce tsirara. Sai ta samu gorar.

Duka biyu da buhu ya isa ya kashe ta a nan. Sepo na riƙe da buhun, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta. Ta tsaya tana kallo wutar ta hau gorar, ta bi ta a hankali, ta tsallako, ta sauka cikin ganyen da ke ɗaya gefen. Nan take ta buɗe, ta gangara.

"Je ki," ta ce da ita. "Kin san gidan. Shi ya fara kiran ki."

Ta bi bayanta a hankali, tana taka toka mai zafi, don tana so ta gani da idonta. Wutar ta kewaye gindin bishiyar, ta samu ramin ƙaro, ta shige. Wani baƙin hayaƙi ya tashi, harshen wuta ya fito ta ramin ya fara hawa. Zuciyar Sepo ta yi fari tas. Ta kira sunan Jole, ta ce masa ya duba. Ta zagayo ta gaban bishiyar, ta wajen tsohuwar hanyar da ta daina bi, don ta fi ganin yadda take ci.

A nan ta gan shi. Daidai tsayin idonta, inda duk mai tahowa ta hanyar ba zai kasa gani ba, an ɗaure guntun gora a jikin bishiyar. Ɗanye ne shar, bakinsa a toshe, an naɗe shi da farin zare sabo. Na Pakwe ya ruɓe ya faɗi tun kafin a haifi Jole. Kuma duk ranin nan yaro ɗaya aka haifa a Mae Lako.

Ba ta san lokacin da ta faɗa cikin wutar ba. Ta yi ta dukan gindin da buhu har buhun ya bushe ya kama, ta yar, ta koma kwasar ƙasa da hannu tana cusawa cikin ramin. Gashinta ya babbake, tafin hannunta ya saluɓe, ba ta ji ba. Zaren ya ƙone, guntun gorar ya faɗo cikin toka, ta ɗauke shi ta tura cikin riga, ko da yake ta san ba gorar ce abin ba, bishiyar ce. Tana ta kiran mutane da muryar da hayaƙi ya riga ya cinye.

Samari suka iso da tankunan feshi a baya, Pakwe a gabansu. Suka kashe abin da ya rage. Bishiyar tana tsaye, amma gefe guda ya ƙone baƙi ƙirin tun daga gindi har inda ido ya kai, ramin ya zama kogo yana hayaƙi. Samarin suka dubi gorar da ta gitta layi, suka dubi tsohuwar, suka ce za su je su duba kudu.

Ya rage su biyu. Sepo na zaune a ƙasa, hannayenta a buɗe kan gwiwa.

"Kai ka ɗaura," ta ce.

"Ni na ɗaura. Ba shi da uba, ni ne kawunsa."

"Ga kurmi can cike da itatuwa."

"Na sani."

"To don me?"

Ya tsuguna nesa da ita. Shi ma fuskarsa ta yi baƙi, idanunsa jajur. "Don na san ki, Iya. Na san ba za ki bari ba. Na ce in kika zo kika gani, za ki ƙyale ta. A gaba na ɗaura, inda kike tsayawa ki juye kwando. Ban san kin canza hanya ba."

"Ka yi garkuwa da jariri."

"Ke kuma kin ƙone shi."

Da tana da hannu a lokacin da ta shaƙe shi. Ba ta taɓa tsanar sa kamar wannan lokacin ba, kuma ba ta taɓa rasa yadda za ta yi da shi kamar lokacin ba. Ya miƙo hannu zai tashe ta, ta tofar da yawu a gefen ƙafarsa, ta dafa dutse da gwiwar hannu ta miƙe da kanta.

Ba a yi taro a kan wannan ba. Baba Doso ya ce gora ce ta faɗo, iska ce, kowa ya ce haka ne. Garin da ya iya rufe bakinsa sau ɗaya, na biyu ba ya yi masa wuya.

Kafin mako ya zagayo jaririn ya fara tari, irin mai ja har cikin ƙirji. Ma'aikaciyar asibitin da ta hauro ta ce hayaƙi ne, duk jariran gundumar haka suke. Sai ga Pakwe ma ya kwanta, mutumin da bai san zazzaɓi ba, yana rawar sanyi cikin zafin Afrilu, ko ruwan shinkafa ba ya zama a cikinsa. Ta ce shi ma hayaƙi ne. Aka ce mata to, aka gode mata.

Sepo ta fara hawa da ruwa. Hannayenta a naɗe da tsumma, ba ta iya riƙe komai, sai Keso ta cika mata jarka a rafi ta sa mata a kwandon goyo, igiyar a goshi. Ta hau, ta durƙusa, ta karkata kafaɗa ruwan ya zuba a gindin, ta sauko, ta sake. Ta kwaɓa laka da gwiwar hannu ta toshe kogon. Gefen da bai ƙone ba take bi da ido kullum, tana kankare ɓawon da farce ta ga ko da sauran kore a ciki. Da ta sauko kuma tambayarta ɗaya ce.

"Ya ci abinci?"

"Wa? Yaron yana shan nono kaɗan-kaɗan."

"Wancan nake nufi."

Keso ta dube ta. "Yau kuma lafiyar Pakwe kike tambaya?"

"Bishiya ɗaya ce, Keso. In ta sake shi, ta saki yaron."

"Bai ci ba. Ya ce komai ɗaci yake masa."

Ruwan fari ya sauka a watan Mayu, ya kwantar da hayaƙin, duwatsu suka fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bayan 'yan kwanaki Sepo ta hau ta tarar da wasu 'yan jajayen tofo sun ɓullo a gefen bishiyar mai rai, ƙanana, ba su kai kunnen ɓera ba. Ba ta yi murna ba tukuna, don bishiya kan yi tofon ban kwana. Da ta sunkuyar da kai kuma ta ga ƙasar gindin ta tsattsage. Ta tona da tsinke. Naman kaza ne, cike da wurin, ko'ina ta sa tsinke sai ta tono. Ba ta taɓa ganin ya yi yawa haka ba.

Ta cika kwando. Ta sauko ta wanke shi, ta dafa da ganyen tsamiya da barkono, yadda Jole ke so. Ta zuba a kwano, ta riƙe shi da tsumma tsakanin hannayenta masu tabo, ta ratsa gari da rana tsaka, mutane na leƙowa ta baranda. A gindin tsanin gidan su Pakwe ta ɗan tsaya. Sannan ta hau.

Mupo na zaune bakin murhu da yaron cikin jan bargo. Ta buɗe baki za ta gaishe ta, kuka ya ƙwace mata. Sepo ba ta tsaya ba tukuna. Ta wuce kusurwar da Pakwe ke kwance, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, ta dire kwanon a gabansa. Ya leƙa, ya ga abin da ke ciki, ya kau da kai.

"Tashi ka ci."

"Iya, ba zan iya ba. Ba wannan ba."

"Wannan ɗin dai. Ba shi kake nema ba? Ga shi ya fito. A gindin bishiyarka na tono." Ta tura masa cokali da ƙafa. "Ba za ka mutu ba, Pakwe. Ban yarda ba. Za ka warke, ka yi ƙiba, ka tsufa har haƙoranka su zube. Yaron nan zai girma a gabanka da fuskar ubansa, yana kiran ka kawu. Duk shekara in ruwan fari ya sauka zan dafa maka wannan in kawo, in zauna in ga ka cinye. Ban yafe ba, kada ka ɗauka yafewa ce ta hawo da ni."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya jingina da bango, ya ɗauki cokalin, ya kai baki. Hawaye na zuba cikin miyar, yana taunawa.

Sai a lokacin ta juya ta miƙa hannu, Mupo ta ɗora mata yaron. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Goshin Jole ne, da kunnuwan. Ya yi ɗan tari ya lafe a ƙirjinta. Ta gyara masa bargo, ta zauna inda za ta riƙa ganin kwanon, ta ce wa Pakwe saura romon.